Baƙuwar Rabali

Ni dai tun ina ƙarama ba a taɓa yi mini shaidar jarumta ba. Ƙadangare ya faɗo daga katanga, sai an bi ni zaure an dawo da ni. Amma duk cikin abubuwan da nake tsoro, babu kamar hannun kakata, Iya Kulu, matar da aka sa mini sunanta, wadda saboda ita ake ce mini Ummi, don babu mai iya kama sunan a gidan.

Gidanmu a Fagge yake, wajen ganuwar Kano. Iya aikinta biyu. Na farko kowa ya sani, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na biyu ba a kiransa sana'a: ita ke yi wa matan unguwa wanka idan sun rasu. Da mun ji an yi sallama a zaure da wata irin murya ƙasa-ƙasa, an ce "Iya tana ciki?", mun san abin da ya faru. Sai ta sauke kasko, ta wanke hannu, ta ɗauki wata 'yar jakar fata da ke rataye a bayan ƙofarta, ta tsinki ganyen magarya a tsakar gida, ta fita. In ta dawo, ƙanshin kafur ke riga ta shigowa. Ranar ba na cin abin da ta taɓa. Ta miƙo mini ƙuli mai zafi, in ce na ƙoshi, alhali yawuna ya tsinke.

Ta sani sarai. "Takwara," in ji ta, "hannun nan na jiya ne dai. Bai ƙara yatsa ba."

Da rana take soya gyaɗa, a kai niƙa, ta matse mai. Suyar ƙulin sai bayan magariba, lokacin da zafi ya sauka. A nan muke kewaye murhun, mu jikoki, kowa da ɗan abin da ya kawo shi: wasu tatsuniya, wasu ɓarɓashin da ke makalewa a matsami. Ni na kan zauna nesa kaɗan, inda hasken wutar ya ƙare, kusa da turmi. Daga can tasha ana jiyo kukan jirgin ƙasa. Ta bayan katanga kuma maƙwabciyarmu Banufiya na yi wa 'ya'yanta faɗa da yarensu, Buzun da ke haya a zaurenmu na kaɗa shayi. Haka Fagge take, kowa da inda ya fito.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa kamar ta ji motsi, ta ce, "Ga ta can ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta zauna a tamu!" Tana da na dariya da yawa, na kura da na wawayen mazaje. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ranar da ta dawo da ƙanshin kafur, kuma ba kowace irin ranar ba. Sai da na girma na gane waɗanne ranaku ne.

Wai a can da, akwai wani birni mai ganuwa, in ka ɗaga kai don ganin ƙarshenta sai hularka ta faɗi. Ana rufe ƙofofinsa da faɗuwar rana, ba a buɗewa sai an idar da asuba, ko da uwar mai gadin ce a waje. Ayarin da ya makara sai ya sauke kaya a gindin ganuwa, raƙuma su durƙusa, takarkarai da jakuna su kwanta. Yau da gobe wasu suka kafa bukkoki. Wata ta soma tuwon sayarwa, wani ya hura maƙera, majema suka haƙa ramukansu, har wurin ya zama gari. Sunansa Rabali. A nan mutanen birni ke samun gishiri da kanwa da itace, amma ba sa cin abinci a Rabali, balle kwana.

Wata rana ana cikin tura ƙyauren ƙofa, sai ga wata tsohuwa a kan jaki, ita kaɗai, ƙura ta rufe ta. Ta yi magana, babu wanda ya ji yarenta, alhali Rabali gari ne da babu yaren da ba a samun mai ji. Mai gadi ya leƙo ta kafar ƙyaure ya ce doka ce, sai gobe. Ta sauka, ta kwanta cikin dabbobi. Gari na wayewa aka tarar rai ya yi halinsa.

Aka aika birni. Mutanen birni suka ce ai ba a cikinmu ta mutu ba. Mutanen Rabali suka ce ba mu san sunanta ba, ba mu san danginta ba, wa zai ɗauki wannan nauyi? Aka lulluɓe ta da wata tsohuwar tabarma, kowa ya tafi ɗaure kayansa, don ranar kasuwa ce.

A nan Iya takan shiga juya ƙuli ɗaya bayan ɗaya, kamar ta manta da mu. Har wanda ya ji labarin sau goma sai ya ce, "Iya, sai me?"

Aka ɗora kaya, aka ce wa raƙuma su tashi, suka ƙi. Takarkarai suka ƙi. Aka yi lallashi, aka yi duka, aka nuna musu dusa, ko gezau. Jakunan 'yan itace da suka taho daga daji, suna isowa suka zube. Dawakin birni da aka fito da su shan ruwa, suna ƙetare ƙofa suka durƙusa, mahayansu na kai. Kaji suka lafe, karnuka suka ɗora haɓa a ƙasa. Kuma duk fuskarsu wuri ɗaya, wajen tabarmar nan. Babu mai kuka a cikinsu, babu mai tuƙa.

"Shiru," Iya ta kan ce, ta rage murya har sai mun matso, "irin shirun da za ka ji tafiyar tururuwa. To, amma su ma tururuwan sun tsaya."

Ni a nan nake manta ina tsoronta. Sai in farga na baro turmi, gwiwata na taɓa tata.

Rana ta take, ba a hura wuta a birni ba, don itace bai shiga ba. Manya suka fito suna ta shawara. Sai ga wata mai tallan ruwa, Dije, wadda ba ta da kowa, ba ta kuma san karatun komai ba in ban da Fatiha da gajerun surori biyu. Ita ba ta dubi dabbobin ba, inda suke duba ta duba. Ta ce, "Ashe baƙuwa muka yi, ba mu sauke ta ba." Ta ajiye tulunta, ta tsinko magarya, ta kira mata biyu suka riƙe zannuwa suka yi mata shamaki. Ta wanke tsohuwar tas. Farin mayafinta guda ɗaya tilo ta yaga ta yi likkafani. Da ta zo rufe fuska, sai ta sunkuya a kunnenta ta ce, "Baiwar Allah, sannu da hanya. Nan Rabali ne, bayan ganuwa. Ni ce Dije, ni na karɓe ki. Kin sauka."

Ana sa ta a ƙasa, jakinta ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya nufi gabas shi kaɗai, babu wanda ya iya tare shi. Sai raƙumi na farko ya tashi, sai na biyu, har filin ya cika da ƙura da kuka. Daga ranar, manyan birni in sun ji ajali ya matso sai su bar wasiyya a fitar da su a kwantar kusa da baƙuwar nan. "Shi ya sa kuka ga maƙabarta a waje take," in ji Iya. "Ɗan birni ya yi ta taƙamarsa. Ranar ƙarshe a kafaɗa za a kawo mana shi." Sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ta tashi, ku naɗe tabarma."

Wani dare wata 'yar baffana ta tambaya ko Dije ta bincika ta ji ko tsohuwar tana sallah. Iya ta ce, "Dije ba malama ba ce, ruwa take sayarwa." Ni kuma abin da ya dame ni daban. Na ce, "Iya, ta ji?"

"Ni ban taɓa mutuwa ba, takwara, ina zan sani? Amma baƙo ko kurma ne ai a yi masa sannu."

"Ke ma kina gaya musu?"

Ta juya ƙuli ta ce, "Wadda ta mutu a ɗakinta ta san inda take. Baƙi nake gaya wa. Malamai ba su ce a yi ba, ba su kuma hana ni ba. Ladabin masauki ne kawai." Fagge kuwa ba ta rasa irinsu: wadda jirgi ya kawo neman magani, wadda ta biyo ɗa ta rasa inda yake, wadda ke kan hanyar Makka. Ranar da ta wanke irin waɗannan ce take ba mu labarin Rabali.

Da na girma, sau uku ta ce in zo in riƙe mata buta. Na farko na ce kaina ke ciwo. Na biyu na ce tuwona na kan wuta. Na uku na faɗa mata gaskiya, na ce, "Iya, wallahi ba zan iya ba." Ba ta yi fushi ba. Ta rataya jakarta, ta yi murmushi ta ce, "To, Allah ya sa ki samu mai iyawa ranar taki." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ba ta taɓa barina ba.

Daga baya harkar maigidana ta turo kaya ta kawo mu Guangzhou ta ƙasar Sin. Shi yana fama da kwantena da kago, ni kuma ina zaga kasuwannin Liwan ina saya wa matan Kano leshi da takalma da jakunkuna. A shekarata ta biyu a nan Iya ta rasu. Kafin labari ya iske ni, har an dawo daga maƙabarta. Wata mata daga unguwar gaba aka ɗauko ta yi mata wanka. Matar da ta wanke rabin Fagge, cikin jikokinta mata tara babu wadda ta riƙe mata buta. Wannan abu ya ci mini rai shekara da shekaru, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda yake komawa lokacin sabuwar shekarar mutanen Sin. Kasuwanni a rufe, kowane mai shago ya tafi garinsu, wanda ka samu a buɗe ma duk abin da ka tambaya sai ya kaɗa hannu ya ce "meiyou", wato babu. Mutanenmu kuwa tun kafin nan sun loda kayansu sun gudu gida. A irin wannan lokaci ne, bayan azahar, wayata ta yi ƙara. Malam Isuhu ne, mutumin Damagaram, wanda ke karatu mai zurfi a wata jami'a a nan, shi ne kuma ke yi wa mutanenmu tafinta in ciwo ya kai su asibiti.

"Madam Ummi, ina wuni? Bon, magana ce mai nauyi na zo da ita." Ya ce wata Hajiya Zainabu ce daga Maraɗi. Ta zo sayayya, hawan jini ya kayar da ita a tsakiyar kasuwa, ta yi makonni tana kwance. Abokan tafiyarta bizarsu ta ƙare, dole suka koma suka bar ta. Shekaranjiya Allah ya yi mata cikawa. Danginta sun amince a rufe ta a nan, an yi ta kai-kawo da takardu har an samu izini a maƙabartar Musulmi. Akwai wata tsohuwa Basiniya Musulma da ke yi wa mata wanka, amma abokiyar aikinta ta tafi garinsu hutu. "Ita kaɗai ba ta iya juya gawa. Kuma ɗan marigayiyar, Lawali, ya yi ta roƙo, ya ce don Allah a samu mai jin Hausa kusa da ita."

Na shiga jero masa sunaye kamar mai karanta rasit. Wance fa? Ta tafi gida. 'Yar Ghanan nan fa? Jego take yi. Ɗalibai mata fa? Sun yi tafiya.

"Duk na bi su, Madam. Ke ce ta ƙarshe."

"In ba a samu ba fa?"

"Sai a jira bayan hutu. Tana nan a firij, za ta ƙara kwana goma ko fiye."

Na ce zan kira shi. Na zauna a gefen gado. Na kira maigida, yana can tashar jiragen ruwa ta Nansha yana fama da kwantenar ƙarshe, ya ce, "Ummi, babu dole, na san halinki." Ya san halina kuwa. Amma ni abin da nake gani shi ne wata mata kamar ni, da ta bar 'ya'yanta ta zo neman halal, an ajiye ta cikin sanyi, kowa na cewa ba nauyinsa ba ne. Tsoro na nan bai je ko'ina ba, sai dai kunya ta fi shi ƙarfi. Na kira Malam Isuhu na ce ya zo ya ɗauke ni da safe.

Da safe muka shiga tasi. Titunan da ba a iya ƙetarewa a sauran ranaku, ranar nan wayam suke, sai jajayen takardu a jikin ƙofofi da 'yan itatuwan lemo cikin tukwane. Malam Isuhu ya lura ban iya ko amsa gaisuwa da kyau, sai ya kama ba ni tarihi, shi kuwa in ya kama bayani sai an ƙwace. Da muka gifta ta kusa da tsohon masallacin nan mai farar hasumiya, ya ce fiye da shekara dubu da ta wuce Larabawa da Farisawa suna zuwa garin nan ta teku, amma ba a cikin ganuwa aka zaunar da su ba, unguwa aka ware musu a wajenta, ta yamma. "Yanzu dubi, nan ne tsakiyar gari."

Ban san lokacin da na ce, "Ashe su ma 'yan Rabali ne," ba.

Ya juyo gaba ɗaya daga kujerar gaba. "A ina kika samu wannan kalma?"

Na ce sunan gari ne a tatsuniyar kakata, ita ta ƙago shi.

"A'a, ba ta ƙaga ba. Larabci ne, rabad, bakin Hausa ne ya tausasa shi. Asalinsa wurin da tumaki da raƙuma ke kwanciya. Daga nan aka riƙa kiran unguwar bayan ganuwa da shi, tun daga Andalus har Bukhara da Samarkand. Nan majema ke zama, da maƙera, da fatake, da duk baƙon da birni ke buƙata amma ba ya son kwana da shi. Ko a Ibraniyanci, yaren Yahudawa, akwai 'yar'uwar kalmar, ma'anarta dabba ta kwanta ta huta. Har wasu tsofaffin malamansu in an taƙaita sunansu haka yake fita, amma wannan dacewa ce kawai."

Iya ba ta iya rubuta sunanta ba. Wataƙila daga bakin Larabawan da uwarta ke kai wa mai ta ji, wataƙila daga wani madugu, Allah ne masani. Amma kalmar ta ƙetare hamada a bayan raƙumi, ta zauna a bakin mai ƙuli-ƙuli da raƙumanta da jakunanta duka, ga shi ta biyo ni har ƙarshen duniya. Na jingina kai da gilashi na yi ta salati har muka isa.

Maƙabartar a gefen wani tudu take, can wajen Baiyun. Ɗakin wankan ɗan ƙarami ne, fes, da benci na dutse a tsakiya. Tsohuwar ta tarbe ni a ƙofa, 'yar gajeriya, da farin ɗankwali ya rufe mata har haɓa. Malam Isuhu ya ce in kira ta Ayi, kamar a ce goggo. Ta yi mini sallama, na amsa, daga nan magana ta ƙare tsakaninmu, don Sinancina na ciniki ne, ita kuma ba ta jin komai sai nata. Malam Isuhu ya tsaya a waje. Ta dubi fuskata, ta dubi hannayena, ta kama su ta murza da nata masu ɗumi, ta miƙo mini buta.

Ba zan ɓoye ba, da aka yaye mayafin na ga fuskar, saura kaɗan in ajiye butar in fice. Mace ce fara, mai tsagar gado a kumatu, da sauran lalle a farcenta. Lallen nan ne ya tsayar da ni. Wata ce ta zauna ta ƙunsa mata shi a Maraɗi, ana hira, ana cewa sai kin dawo.

Ayi ta yi bisimilla, ta naɗa ƙyalle a hannu, ta yi mini alama in zuba. Na zuba. Ba ta taɓa barin jikin ya buɗe ba, ta ƙarƙashin zane take aiki. Ta yi mata alwala, ta fara da dama, ta nuna mini inda zan sa hannu mu juya ta a hankali, kamar mai barcin da ba a so ta farka. Abin da ya ɗaure mini kai, kafin ta yi alama na san abin da ke biye. Ban taɓa shiga ɗakin wanka ba, amma ashe duk shekarun nan da nake toshe kunne in Iya na yi wa manyan mata bayani, yana shiga. Sau uku aka zuba ruwa. A na ƙarshe ta buɗe wata 'yar takarda ta barbaɗa garin kafur, ƙanshin ya cika ɗakin. Na tsaya da buta a hannu, hawaye na zuba, ba na tsoro ba. Mamaki ne ya kama ni, yadda wata tsohuwa a Fagge da wata a ƙasar Sin, waɗanda ba su san da juna ba, suke ɗaga hannun mamaciya iri ɗaya.

Gashin ne ya ba Ayi wuya, ba ta saba da irinsa ba. Ta dube ni. Na ajiye buta, na taje shi da yatsuna, na raba uku na kitse.

Muka sa likkafani. Da ta kama gefen da za ta rufe fuska, na ɗaga hannu na ce ta dakata. Ba ta tambayi dalili ba, ta ja baya taku biyu, ta sunkuyar da kai. Na duƙa daidai kunnen marigayiyar. Sannan na ce, "Hajiya Zainabu, sannu da hanya. Nan Guangzhou ne, ƙasar Sin, can gefen gari inda ake kwantar da Musulmi. Ni ce Hauwa jikar Kulu, daga Fagge. Ni da wannan baiwar Allah muka karɓe ki. Kin sauka."

Maza suka shigo suka ɗauke ta. An yi sahu biyu, 'yan Nijar kaɗan, 'yan Najeriya kaɗan, wasu Yamalawa, da tsofaffin Sinawa masu fararen huluna da ba su taɓa ganinta ba. Mu mata muka tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ana hango garin a ƙasa, benaye sun tafi har inda ido ya gaza, jirage na saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin ina da amfani kamar ranar ba.

Ina yarinya na ɗauka labarin dabbobi ne, su nake jira, su ke sa ni riƙe numfashi. Da na zo ƙasar mutane sai na mayar da shi labarin 'yan waje, ina lallashin kaina da shi duk ranar da mai tasi ya ga fatata ya wuce. A bakin ƙofar nan ne na gane Iya ba lallashinmu take yi ba, aiki take ba mu. A duniyarmu babu raƙumin da zai durƙusa don an bar wata a ƙarƙashin tabarma. Kasuwa za ta ci, jirgi zai tashi a kan lokaci, babu abin da zai tsaya. In mutum bai ajiye tulunsa da kansa ba, shi ke nan.

Da la'asar Malam Isuhu ya haɗa ni da Lawali a waya. Ya yi godiya har na rasa inda zan sa kaina. Ya tambaya ko ta canza, na ce a'a, fuskarta lafiya lau, har lallenta na nan. Ina jin kukan awaki ta can ɓangarensa.

"Hajiya, abu guda ne ke hana ni barci," in ji shi. "Tunda ciwon ya taɓa mata kai, ta rikice. Ranar ƙarshe da aka kara mata waya, ba ta ce komai ba sai, 'Lawali, ina ne nan? Wane gari ne nan?' Ni kuma kuka ya ci ƙarfina, ban iya ba ta amsa ba har aka kashe wayar. Ta tafi ba ta san inda take ba."

Na share fuskata da gefen mayafi. Na ce, "Lawali, kwantar da hankalinka. An gaya mata."